Kubura da Ɗacin Kunun Ƙanwarta

Duk wanda ya taɓa cin tuwon suna a gidan Malam Nagoggo na garin Babban Mutum ya san randar da ke gindin durumin tsakar gida. Ta marigayiya Inna ce, matar gidan. Baƙa ce wuluk, bakinta ya ɗan guntule ta gefe ɗaya, kuma sai an juye mata jarka shida kafin ta ƙoshi. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar Sallah, da kunun zaƙi ake cika ta, a rufe da faifai, a kifa ludayi a kai. Tun da Inna ta rasu kuwa hannu ɗaya ne ke cika ta, hannun babbar 'yarta Kubura. Har abin ya bi bakin mutane. A gidan nan ba a cewa a miƙo kunu, sai dai a ce a miƙo na Kubura. Wannan suna shi ne abin da Kubura ta fi ji da shi a duniya, bayan 'ya'yanta.

A Daura take aure, can bayan kasuwa, gidan Ɗantsoho tela. Mace ce gajera mai saurin tafiya, wadda ba ta iya zama haka kawai ba. In ka same ta a zaune, to tsintar wake take yi ko ɓarar gyaɗa. Ba ta aiki da kintace. Tiyarta daban, gwangwanin awon tsironta daban, kanumfari ma sai ta ƙirga shi a tafin hannu kafin ta jefa a turmi. Tun tana ƙanƙanuwa take tsugune a gefen Inna tana kallon yadda ake yi, kuma ba ta taɓa yarda ta rage ko ta ƙara a kan abin da ta gani ba.

Ƙarfin kununta a tsiro yake. Sai ta jiƙa gero ya kwana, ta tsane shi, ta shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a lungun ɗaki, ta lulluɓe da wani. Safe da yamma tana yayyafa masa ruwa da yatsu kamar mai lallashin jariri, har ya fito da fararen ƙafafu. Ba ta bari ya yi kore. Sai ta shanya, ta murje, ta adana a tulu. Ranar aiki ta niƙa jiƙaƙƙen gero da citta da kanumfari da busasshen dankali, ta raba ƙullun biyu. Babban kason ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kirtif, ta jira ya huce har ta iya tsoma yatsa, sannan ta zuba ɗanyen kason da garin tsiro, ta juya, ta rufe. Kafin gari ya waye tsiron ya gama aikinsa. Abin da ya kwana kamar tuwo ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙin kansa tun ba a kawo sukari kusa ba.

Gidan Malam Nagoggo suna da al'adarsu. In hidima ta taso, ba a aika wa mai kunu da magana. Goggo Maiturare, ƙanwar Malam, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, ita ke ɗebo gero daga rumbun gida, ta ƙulle a tsohon zane, ta ba direban da zai shiga Daura. Ƙullin nan shi ne saƙon. Wadda ya sauka a ƙofarta ita za ta yi tsiro, ta taho gida tun kafin taro ta dama a gindin durumi, ta cika randa. Shekara da shekaru ƙullin bai san wata ƙofa ba sai ta Kubura.

Sai Haulatu.

Haulatu ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Sandamu. Kubura ce ta goya ta, ita ta yi mata wanka, ita ta koya mata tace gasara da ranƙwashi a ka. Sanyin jiki gare ta, da yawan dariya, irin wadda za ta ɗora tukunya ta tsaya hira a bakin katanga. In da za a ce wa Kubura wata rana za ta kwana da yarinyar nan a ranta saboda kunu, da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ɗantsoho ne ya fara shigo da maganar gida. Ya kai ɗinki Sandamu, ya biya gidan Haulatu, ya dawo da la'asar, ya jingine babur, ya zauna a tabarma yana lashe baki.

"Kubura, yau na sha wani abu."

"Rana ka sha, ga fuskarka nan ta nuna."

"Kunun mutuniyar nake faɗa miki. Kin san yana da wani ɗan ɗaci can ƙarshe? Ba irin na magani ba. Sai ka haɗiye sannan ya taɓa ka a bayan harshe, ga wani ƙamshi yana hawowa hanci. Kana ajiye kofi ka ji kana son ƙari."

"Kunun zaƙi ne ko kunun ɗaci?"

"Ni dai kofi uku na sha."

"Uku! A gidan ƙanwar matarka? Malam, ka ba ni kunya. Sai a ce da ƙishirwa nake barin ka."

"To ita ta yi ta zubawa."

"Kai kuma ka yi ta miƙa kofi. Ƙona shi ta yi, shi ne ɗacin. Tun tana yarinya haka take."

Ta faɗi haka ta ci gaba da tankaɗe, amma maganar ba ta wuce ba. Shekara ashirin mutumin nan yana shan kununta, bai taɓa zama ya yi masa bayani dalla-dalla haka ba. Iyakarsa ya shanye ya yi gyatsa ya ce alhamdu lillahi.

Da Babbar Sallah ta zo aka taru a Babban Mutum kamar kullum. Kubura ta cika randa. Haulatu kuma ta zo da ɗan bokitin roba, ta ajiye a ƙofar ɗakin Goggo, ta ce na 'yan ɗaki ne, kada a ce ta zo hannu biyu. Kubura tana soya nama, amma idonta na kan bokitin. Ta ga Hafizu, autansu, ya ɗiba ya koma. Ta ga matan maƙwabta suna raɗa suna nuna wa juna. Ta ga mijinta ya zagaya ta bayan rumbu kamar mai neman buta, ya fito yana goge baki, sau uku tana ƙirgawa. Kafin azahar an kife bokitin, randar Inna kuwa ko rabi ba ta kai ba. Abin da bai taɓa faruwa ba.

Ɗan abin da ya rage a wani kofi ta faki ido ta ɗauka, ta shige madafa ta kurɓa. Ta so ƙwarai ta ji ƙauri, ba ta ji ba. Kunun fari ne tas, ya fi nata tsinkewa, zaƙinsa bai kai nata ba. Tana haɗiyewa sai ga ɗacin, siriri, mai tsabta, da ƙamshi kamar na ciyawa bayan ruwan farko. Ya wanke zaƙin daga bakinta, ya bar ta tana neman wani kurɓin. Ta leƙa kofin, babu. Nan ta tsaya cikin hayaƙi da kofin a hannu.

Da yamma Goggo Maiturare tana rabon nama ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ashe Haulatu ma an iya."

"Ai Yaya ce ta koya min, Goggo," in ji Haulatu.

Kubura ta yi murmushi. Wannan ladabin ma haushi ya ba ta. Ita ta koya mata, to ina ta samo abin da ba a koya mata ba?

Hanya mai sauƙi a buɗe take, ta tambaya. Amma a wajen Kubura babba ba ta durƙusa wa yarinyar da ta goya ta ce koya min kunu. Ita ma Haulatu ba za ta buɗe baki ta ce Yaya ga yadda ake yi ba, ai rashin kunya ke nan. Kowacce ta riƙe girman da aka san ta da shi, maganar ta tsaya a tsakani.

Sai Kubura ta koma Daura ta shiga gwaji. Ta fara da shuwaka. Kunun ya fito kore-kore, yara suka ce miya ce aka manta ba a sa gishiri ba. Ta gwada ganyen darbejiya, kaji ma suka ƙi. Ta je wajen masu saiwoyi a kasuwa ta karɓo ɓawon maɗaci, ta ce na ciwon ciki take so, ta tafasa da ruwan damu. Ɗantsoho ya kurɓa, ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Wa ya ce miki shawara nake yi?"

"Ba ɗaci kake so ba? Ga shi nan."

"Kubura, wancan ɗacin sallama yake yi kafin ya shigo. Wannan kuwa ta katanga ya hauro."

Ta fizge kofin. Amma ba ta daina ba. Ta rage maɗacin zuwa ɗan guntu kamar farce, ta ƙara tsiro, ta ƙara sukari don ya danne. Tukunya bayan tukunya, har geron da aka saya don tuwo ya fara ja da baya. A ƙarshe ta samu wani abu da in mutum ya rufe ido, kuma yana son ta, zai iya cewa sun yi kama.

Cikin bazara, lokacin da zafi ke hana ƙadangare fitowa, matar Hafizu ta haihu, namiji, ɗan fari. Kubura ta yi guɗa a tsakar gida, ta wanke buhunan algarara ta shanya, ta shiga jiran ƙulli. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta leƙa. Shiru. Washegari da hantsi wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, ina kwana? Ya kwanan yara?"

"Lafiya lau. Ya aka yi?"

"Yaya, wani direba ne ya kawo min ƙullin gero daga wajen Goggo. Na ce ko kuskure ya yi, Daura aka ce masa ya ji Sandamu. In aiko miki da shi?"

Kubura ta zauna a bakin turmi. Ta san direban, ta san Goggo. Babu wani kuskure.

"Ba kuskure ba ne," ta ce, muryarta sumul. "Ni na ce a kai miki. Bayana ke ciwo kwanan nan."

"Ayya, sannu Yaya! To ki yi min addu'a, wallahi tsoron randar nan nake ji."

"Ki dai kula da wuta, kada ki ƙona."

Ta kashe wayar ta daɗe tana kallon buhunan da ta shanya. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ce kununta ya lalace. Zane ɗaya kawai aka ƙulle aka canza masa hanya. Ta hango ranar suna, mata cike da gida, ana cewa a miƙo na Haulatu, ita kuma tana zaune a tabarma cikin baƙi ana miƙo mata. Ta miƙe tsaye. Tana da tsiro a tulu, tana da gero, tana da hannu. Ba a gayyaci kununta ba, to zai je da ƙafarsa. A ajiye shi gefen randa, mutane su sha wannan su sha wancan, a ga wanda za a fara kifewa.

Sai dai akwai abin da ba ta lissafa ba, ita da ke lissafa komai. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ɗaukar kunu a mota ba. A gindin durumi take damawa, ta tace da asuba, ta juye a randa, randa kuma tana numfashi, tana sanyaya abin da ke cikinta, kafin yamma an shanye. Wannan karon a ɓoye take aiki, a gidanta. Don kada a samu matsala ta dama tun da sauran kwana, ta ninka tsiro, ta tace, ta zuba sukari tun a lokacin don ta ɗanɗana ta tabbatar. Ya yi yadda take so. Ta ɗura a jarkoki huɗu masu ruwan ɗorawa, ta sa leda a bakin kowacce ta murɗa murfi iya ƙarfinta don kada ya zuba a hanya. Ta jera su a ɗakin kwano, suka wuni suka kwana a nan.

Ranar suna suka fito da sassafe, ita da Ɗantsoho. A tasha aka ɗaure jarkokin a saman mota, aka zauna jiran fasinja. Motar ba ta cika ba sai da rana ta take. A Zango aka sake tsayawa ana loda buhunan taki. Lokacin da suka sauka a Babban Mutum an daɗe da raɗa suna, maza sun watse zuwa inuwa, mata sun cika gida.

Ɗantsoho ne ya fara lura, yana sauke su.

"Kubura, jarkokin nan ƙiba suka yi a hanya?"

Ta duba. Gefunansu sun kumbura, gindinsu ya yi tulu har ba sa zama daidai a ƙasa.

"Zafi ne. Ɗauko mu je."

Aka shigo da su tsakar gida aka jera kusa da randa. Haulatu ta taso da gudu, hannunta duk gasara, ta rungume ta.

"Yaya! Da ciwon bayan kika yi wannan aikin?"

"Na ce kada a kunyata, ko naki bai isa ba."

Goggo Maiturare tana zaune a kujerar tsuguno da carbi a hannu. Ta kalli jarkokin, ta kalli Kubura, ta ce, "To, madalla. A buɗe mana mu sa albarka."

Kubura ta ce wa mijinta ya kwance ta farko. Ya durƙusa da sabuwar shaddarsa da ya ɗinka wa kansa don ranar, ya kama murfin ya murɗa. Jarkar ta yi tsaki mai tsawo. Ya ƙara murɗawa kaɗan. Sai ji aka yi fau! Murfin ya tashi ya bugi reshen durumi, kunu ya yi tsiri sama kamar an fasa famfo, ya sauko a kan hularsa, da gemunsa, da zannuwan matan da ke kusa. Yara suka tarwatse suna ihu suna dariya. Kumfa ta yi ta malala daga bakin jarkar tana bin ƙasa, ba ta da niyyar tsayawa.

Dariyar ba ta daɗe ba, don warin ya iso. Ba tsamin kunun da ya kwana ba ne, wanda kowace mace ta sani. Wannan wani abu ne mai kaifi da ke hawa kai. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta toshe hanci.

Goggo Maiturare ta taso a hankali, ta sunkuya, ta shinshina, ta ja da baya.

"A'uzu billahi. Kubura, wannan ai warin bayan bariki ne."

"Goggo, tsami ne kawai ya ɗan..."

"Ni za ki gaya wa tsami? Na yi aure kusa da masu dafa burkutu shekara bakwai, ta ƙofarsu nake wucewa zuwa rijiya. Giya kika kawo mana gidan suna, 'yar nan."

Kalmar ta faɗi a tsakar gida kowa ya ji. Kubura ta dangwala yatsa a kumfar ta kai harshe, don ba ta yarda da hancin kowa. Ya cije ta. Zaƙin ya gudu, maɗacin ya fito fili, ga wani yaji-yaji da ba na citta ba. Ta tofar.

Ɗantsoho yana tsaye kunu na ɗiga daga gemunsa. "Ni yanzu da wannan rigar zan yi azahar?" ya tambaya.

Hayaniyar ta fito da Malam Nagoggo daga zaure, yana dogara sanda. Aka gaya masa. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi ba. Ya ce a kai sauran ukun bayan gida a haƙa rami a juye, a rufe da ƙasa, kada a ba dabbobi. Ya ce a wanke inda ya zuba. Sannan ya dubi babbar 'yarsa ya ce, "Ba da niyya kika yi ba, Allah ya sani. Amma da kin bari an yi yadda aka tsara." Ya koma zaure.

Ita da kanta ta ja jarkokin zuwa bayan gida, ta ƙi a taya ta. Tana kwance kowane murfi a hankali, tana kawar da fuska, tana jin muryoyin mata ta kan katanga. Biki ya ci gaba. Can ta ji wata ta ɗaga murya ta ce, "Ke, miƙo min na Haulatu." Ba a yi wata shawara ba, ba a yi taro ba, sunan ya koma.

Haulatu ta biyo ta da kofi a hannu, ta tsuguna a gefen ramin.

"Yaya, ki sha ko kaɗan, tun safe ba ki sa komai a ciki ba."

"Azumi nake."

"Yau? Ranar suna?"

"Ramuwa ce."

Wata uku Kubura ba ta jiƙa gero ba. Da Goggo ta bugo waya sai ta ce wa yara su ce tana wanka. A unguwa ba wanda ya ji labarin, amma ita gani take kowa ya ji. Abin mamaki kuma, ba kunyar giyar ce ta fi damun ta ba. Wannan tsautsayi ne, ta san inda ta yi kuskure, ta lissafa shi ɗaya bayan ɗaya: tsiron da ta ninka, sukarin da ta sa da wuri, murfin da ta toshe, zafin ranar da ya dake shi. Abin da ke hana ta sukuni shi ne har yanzu ba ta san me yarinyar nan ke sawa ba.

Da damina ta zauna, ta ji Haulatu za ta yi kunun masu noman gayya a gonar mijinta. Ta shirya ta hau mota zuwa Sandamu, ta ce ta zo duba yara. Ta samu kujera ta kafa a ƙofar madafa, inda ba abin da zai wuce ba ta gani ba.

"Wannan tsiron naki ya yi kore, kin bar shi ya wuce."

"Haka ne, Yaya."

"Cittar nan ba ta daku ba. Haka na koya miki?"

"Bari in ƙara dakawa."

"Ruwan nan bai tafasa ba kike shirin saukewa."

Haulatu tana amsawa da to, tana aikinta. Ta dama, ya yi kauri. Sai ta miƙa hannu saman rufin madafa ta zaro wani ɗan dami na busasshiyar ciyawa. Kubura ta gane ta nan take. Nobe ce, ciyawar nan mai ƙamshi da ke fitowa a fako a wajen garinsu, wadda suke tattakawa suna yara in sun je itace. Ita a saninta masu jego ake dafa wa. Haulatu ba ta kai ta wuta ba. Ta ƙulle 'yan kawunan a farin ƙyalle tare da busasshen ɓawon lemun tsami, ta jira damun ya daina tururi mai ƙarfi, ta nutsa ƙullin a ciki ta rufe da faifai. Ta je ta shanya wanki ta dawo, ta tsamo shi ta matse kaɗan ta yar, sannan ta zuba tsiro. Duk a hankali ta yi, ta juyo da jikinta yadda mai zaune a ƙofa za ta gani sosai. Ba ta ce kalli ba. Kubura ma ba ta ce mene ne wannan ba.

"Madafar nan taki tana son shara," shi ne abin da ta ce.

"Yanzu zan share, Yaya."

Da za ta tafi, Haulatu ta rako ta bakin titi da ledar tsaraba, kuka da daddawa da 'yar kuɓewa. Sai a mota Kubura ta ji ƙamshin nobe yana fitowa daga ƙasan ledar. Ba ta buɗe ba sai a gida, kuma ba ta taɓa yin godiyar wannan ba.

A satin ta jiƙa gero. Ta yi tsironta irin nata, fari, gajere. Ta rage sukari, abin da ba ta taɓa yi ba tun zamanin Inna. Na farko ta bar ƙullin noben ya daɗe, ya yi ɗaci da yawa, ta zubar ba wanda ya sani. Na biyu ta tsaya a kansa ta tsamo da wuri. Da safe ta tace, ta juye a tulu ya yi sanyi.

Da azahar Ɗantsoho ya dawo daga shago. Ta ajiye masa kwanon sha a gefen tabarma, ta koma bakin turmi ta ɗauki faifan wake, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya buɗe, ya kurɓa, ya tsaya. Ya sake kurɓa mai tsawo. Fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Yaushe mutuniyar ta aiko?"

Hannun Kubura ya tsaya cikin wake.

"Ɗazu," ta ce.

"Kin ji abin da nake gaya miki? Wannan ma ya fi na ranar suna. Yarinyar nan kullum gaba take yi. Don Allah Kubura, ki sauke girman nan ki je ta nuna miki, ai ba abin kunya ba ne. Akwai ƙari?"

"Babu. Ɗan kaɗan ta aiko."

Ya shanye, ya kaɗa kwanon ya lashe ɗigon ƙarshe, ya tashi alwala yana ta sa wa Haulatu albarka. Kubura ta jira ya fita masallaci. Sannan ta shiga ɗaki, ta buɗe tulun da ke cike har wuya, ta ɗebo kofi ta sha a tsaye. Ɗacin ya zo can ƙarshe, siriri, da ƙamshinsa. Ta yi ta juya shi a baki tana neman aibin da za ta kama, ba ta samu ba. Ta yi tsaki, ta ɗebo na biyu.